Muryar Ƙawata a Cikin Kaset

Mu biyar ne a tsakar gida ranar. Ni, da ƙanwar maigidana wadda yara ke kira Goggo, da maƙwabciyarmu matar malamin asibiti. Ita wannan mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta daɗe a garinmu har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Sai ɗana na fari, wanda ya zo hutu daga ƙasar Turawa. Na biyar shi ne mijin ƙawata marigayiya, dattijo mai gonar rake a fadama, wanda tun rasuwar maigidana bai taɓa wuce zaure ba sai ranar.

Ɗan fari a wurinmu ba a kiran sunansa, ba a zama a yi hira da shi. Ana yaye shi Goggo ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ina da magana da shi, ita nake faɗa wa, ko da kuwa yana tsugune a gabana. Haka na tarar ana yi, haka na yi, ban kuma ga abin da ya rage shi da shi ba.

Da ya gama karatu a Zariya aka ce zai ƙetare ya ƙaro wani. Na ce wa Goggo ta tambayi ɗanta, karatun me ya rage wanda ba a yi a Zariya? Ya ce karatun adana murya da hoto ne. Wai kaset da zaren majigi su ma suna tsufa, danshi ya ci su, zafi ya narkar da su, abin da ke ciki ya tafi ke nan. A can suna da ɗaki mai sanyi da ake jera su, a kulle, su kai jikokin jikoki. Na ce to, rumbu ke nan. Ya yi dariya ya ce wa Goggo kusan haka ne.

Kafin ya tafi ya bar rikoda da kaset sabo a hannunta. Roƙonsa shi ne a ɗaukar masa waƙoƙin da mata ke yi wurin daka. Wannan kam ban ƙi ba. Injin niƙa ya riga ya shigo garinmu Ikara, na kuma ga amaren lokacin suna riƙe taɓarya kamar an ba su aron ta, ko amshi ba su iya ba. Abin da za a rasa gara a ajiye.

Shekarun nan soja ne ke mulki, komai sai an bi layi. Sabulu layi, sukari layi, taki layi, wanda ya karkace a layi kuma bulala. Batir ma ya zama abin nema. Malamin asibiti ne ya samo mana daga Makarfi, in ya yi sanyi mu shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo. Amma samun batir ya fi samun mata sauƙi. Duk wadda na tuntuɓa sai ta rufe baki da gefen zane ta ce ita matar aure, a sa muryarta a akwati?

Wadda nake nema a cikinsu ƙawata ce. Tare aka kawo mu garin nan muna amare, ita daga wajen Kudan. Waƙar da ta ji sau ɗaya ta zauna mata, ga shi kuma tana ƙaga nata. In ta ɗaga murya a bakin turmi, matan maƙwabta sukan bar aikinsu su shigo da taɓarensu a yi lugude. Ni ban taɓa ba da waƙa ba. Amshi ma sai in ya kama.

Ta dubi rikodar ta ce, “Wa zai ji?”

Na ce, “Babu. Ajiyewa za a yi a kulle, don 'yan baya.”

“Namiji fa?”

“Babu namijin da zai ji.”

“Har ɗan naku?”

“Har shi. Wanda aka ba ajiya ba ya kwance ƙulli.”

Abin da aka faɗa mini ke nan, shi na faɗa mata. Ta ce tunda ni ce na faɗa, ta yarda. Da ta yarda sauran suka biyo ta.

Bayan girbi muka yi, rana ta yi hantsi, maza duk suna masussuka. Goggo ta danna rikoda, muka hau daka. Ƙawata ta fara da na kakanni, na gero da na kewar gida da na haihuwa. Da jiki ya yi zafi sai ta shiga nata. Waƙar daka ba a yin ta don kunnen maza. A nan mace ke sauke abin da ta haɗiye shekara guda, na rowa, na faɗa, har da na bayan labule. A watan nan an yi wa mijinta bulala a layin taki a gaban jama'a, ya dawo gida ya huce a kanta. Ta sa shi a waƙa, wai zakin tsakar gida ya je layi ya koma mage. Mata suka yi dariya har taɓarya ta kuɓuce wa wata. Can kuma ta juya ta yi masa wani baitin, na ranar da suka binne ɗansu ya hana ta ganin hawayensa, har muka yi shiru sai ƙarar turmi. Kaset ɗin ya cika ciki da baya. Na ƙulle shi a tsumma na sa a ƙasan adudu.

Da damina ƙawar tawa ta kwanta ciwo, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Shi kuma mai karatun ya dawo a rame, wuya kamar na zalɓe. Goggo ce ta tatsi labari ta kawo mini. Gwamnati ta ce babu kuɗi, ta daina aika wa ɗalibai abin da take aikawa. Wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci kafin ya ci. Malamansa sun yarda su riƙe shi ya ƙarasa, amma sai ya kawo aikin da ya yi alkawari. Na ji, na ce Allah ya rufa asiri. A zatona kaset zan miƙa wa Goggo ta miƙa masa, magana ta ƙare.

Ranar da nake faɗa, bayan azahar, muna ɓarar gyaɗa ni da Goggo da maƙwabciya, sai muka ji sallama a zaure. Muryar mijin marigayiya ce. Bai tsaya a aiko yaro ba, ya ce a yi masa iso. Muka gyara lulluɓi. Ya shigo, ɗana na biye da shi yana sunkuyar da kai. Tun daga tafiyar yaron na san ya taka wani abu.

Aka shimfiɗa wa dattijon tabarma. Muka gaisa, ina gajiya, ina gida, ina rake, ya haƙuri. Na ja gaisuwar, shi ma ya ja. Da ta ƙare ya cire hularsa yana murza ta a gwiwa.

Ya ce, “Uwargida, yaron nan ya same ni a gona da safe. Ya ce akwai muryar iyalina a wurinku, yana neman izinina ya tafi da ita.”

Gyaɗar da ke hannuna na ji ta fashe. Ban dubi yaron ba. Na ce, “Goggo, tambayi ɗanki wa ya aike shi.”

Ya ce wa Goggo ba wanda ya aike shi, ƙa'idar makarantarsu ce. Ba a amfani da muryar mutum sai da yardarsa, in kuma ya rasu sai a nemi ta magajinsa. Shi ya ga Baba ne magaji, shi ya sa ya je ya durƙusa masa.

“Tambaye shi, amfani kamar yaya? Ba ajiya ba ce?”

Ya ce ajiya ce, amma rabin karatun ke nan. Ɗaya rabin shi ne gabatarwa. Zai saurara, ya gyara, ya fassara, sannan a taru a babban ɗaki, malamai da ɗalibai da duk mai sha'awa, a sa kowa ya ji, a yi masa tambayoyi. Da haka ake gane ya iya.

“Maza?”

Ya ce maza da mata.

Maƙwabciya ta ajiye kwaryarta a hankali. Goggo ta shiga gyara ɗaurin ɗankwali wanda bai kwance ba. Ita ma ba ta san da wannan rabin ba, na ga haka a fuskarta.

Dattijon ya ce, “Ni ba faɗa ya kawo ni ba. Ban san ta yi ba, to ta yi, Allah ya jiƙanta. Turawa su ji ko kada su ji, ba shi ne damuwata ba. Ni dai a sa mini in ji. Fuskarta tana nan a idona, amma muryar ta fara ɓace mini. In na nema sai in ji ta wata.”

Da ya zo da zafi da abin ya yi mini sauƙi. Mutumin nan tare suka yi noma da maigidana tun suna samari, shi ya fara zuba ƙasa a kabarinsa. Ga adudun can a ɗaki, taku kaɗan. Na san abin da ke ciki, wanda zai kunyata shi da wanda zai sa shi kuka a gaban mata, kuma ba ko ɗaya da ta yi don ya ji.

Na ce, “Malam, ka yi haƙuri. Ba za a sa ba.”

Ya ɗago. “Ni ne fa mijinta.”

“Na sani. Tare aka kawo mu.”

“To wa ya fi ni iko da abin da ta bari?”

“Abin da ta bari an raba, ka karɓi naka. Wannan ba ta bari ba, ba ni ta yi, kuma da sharaɗi. Da tana raye sai in je in ce ta sake ni. Yanzu wa zan tambaya?”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Zagina ta yi ke nan.”

In na ce a'a na yi ƙarya, in na ce e na kwance ƙullin da bakina. Na mayar da idona kan kajin da ke tsattsagar ɓawon gyaɗa.

Maƙwabciya ce ta tsoma baki. Ta ce, “Haba Baba, ai ranar ba namijin garin nan da ya tsira. Nawa mai allura ma an ce hannunsa ya fi na maƙeri nauyi. Ko liman aka ba shi turmi zai samu abin faɗa a kan ladan.”

Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce mata, “Ke ma kina ciki?”

“Ni ce ma mai amshi da ƙarfi.”

Ya sa hularsa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ce, “Kowa ya ji matata sai ni.” Ya dubi ɗana ya ce, “Kai kuma, izinin da ka nema, ka ga ashe ba a hannuna yake ba.” Ya fita bai yi sallama ba. Yaron ya tashi zai raka shi, ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna.

Goggo ta jira har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ta juyo kaina. “To, matarmu, kin kori dattijo. Saura yaro.”

“Ban kori kowa ba. Ɗanki ne ya je ya tono.”

Shi kuma ya fara magana, yana kallon Goggo amma da ni yake. Ya ce bai san an yi alkawari ba, da ya sani da bai je ba. Amma a duba, kaset ɗin nan in ya zauna a adudu damina biyu ko uku, zaren zai yi fumfuna ya manne, ba mace ba namiji ba wanda zai ƙara ji. A ce an riƙe amana, alhali abin ya ruɓe? Kuma in ya koma hannu rabbana, makaranta za ta sallame shi. Ya dawo ba takarda, a lokacin da masu takardar ma ake kora daga aiki.

Maƙwabciya ta ce ita ta yafe tata muryar, su a coci maza da mata tare suke waƙa. Ya ce zai iya yanke wuraren da ba a so, ya bar sauran.

Na ce, “Goggo, tambaye shi, da ido ake yankewa ko da kunne?”

Ya ce wa Goggo da kunne ne.

Goggo ta ce, “Babu mata a malaman naku? A ba su su ji su kaɗai mana.”

Ya ce akwai guda ɗaya, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, ɗakin kuma ba a hana kowa shiga.

Goggo ta watsar da ɓawon da ke cinyarta. “Wadda ta mutu ta huta, ba abin da zai same ta. Wannan shi ne mai rai. Dube shi, ƙashi da fata, yana wanke wa Turawa kwano. Amma ina, ai ba ke kika goya shi ba, ba ki san nauyinsa ba.”

Na ce, “Ke kika goya, ni na yi naƙuda. Kada ki ƙara.”

Ba ta ƙara ba, amma ta juya mini baya. Maƙwabciya ta shiga tattara gyaɗa kamar wadda aka ce gobara na zuwa.

Sai yaron ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya matso ya durƙusa daidai gabana ya ce, “Inna.” Ya ce, “Inna, don Allah.”

Na kawar da kai wajen katanga. Ban taɓa jin sha'awar in dubi yaron nan in yi masa magana ba kamar lokacin, kuma da na dube shi da na tashi na ɗauko. Na san kaina. Shi ya sa ban duba ba.

Can na ce, “Goggo.” Ba ta juyo ba. Na ce, “Goggo, tambaye shi. Mutanen can, waƙar suke nema ko mai waƙar?”

Ta tambaye shi a daƙile. Ya ce waƙar, amma daga bakin wadda ta gaje ta, a wurin aikin, da ƙarar turmin, kuma da yardarta. Ya ce sai dai kowa ya sani ba mai murya irin ta marigayiya.

Na ce, “An ji.” Aka kira la'asar, na tashi na ɗauki buta. Har rana ta faɗi ba wanda ya ƙara yi wa wani magana a gidan. Tuwon da na aika masa ya dawo an ɗan taɓa gefe.

Washegari da na idar da sallah na fito da gero na jiƙa. Na je ƙofar Goggo na ce ta faɗa wa ɗanta ya tafi ya gaida kawunnansa, kada ya dawo sai yamma. Ta dube ni, ta dubi turmin da na mirgino tsakiyar gida, ta je ta faɗa masa. Da ya fita na aika aka kira maƙwabciya, na ce ta taho da taɓaryarta da batir in akwai.

Na ce musu, “Ni ba ni da mijin da zan nemi izininsa. Goggo ma haka. Ke kuma kin ce kin yafe. Muryata tawa ce, na bayar. A sa kaset sabo.”

Goggo ta ce, “Wa zai ba da waƙar?”

“Ni.”

Ta kama haɓa. “Ke? Shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa jin kin yi ko ta rarrashin jariri ba. Kin kuwa san shi ne zai fara ji?”

“Ya ji a can, inda ba na ganinsa. Danna.”

Ta danna. Na ɗaga taɓarya, na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Maƙwabciya ta tuntsire, Goggo ta ce, “Wayyo, tsohuwar tunkiya ta ga wuƙa.” Na ce ta mayar da zaren baya a sake, kuma duk wadda ta ƙara dariya ta bar mini gida. Aka sake. A karo na uku muryar ta zauna. Ba daɗi gare ta ba, amma kalmomin suna nan, ashe duk shekarun da nake tsaye gefen ƙawata ina amshi sun shige ni. Na yi na gero, na yi na kewar gida, na yi na haihuwa, na yi wani na kakata wanda ita ma ƙawar tawa ba ta sani ba. Nata na kanta, waɗanda ta ƙaga, ban taɓa ko ɗaya ba. Inda na manta baiti Goggo ta cusa nata, na harare ta, ta ci gaba. Kafin kaset ɗin ya cika mun dake geron da ya fi ƙarfin cin gidan, kafaɗata kuma kamar an sare.

Na ce wa Goggo ta ajiye masa a ɗakinsa, ta ce masa abin da ya samu ke nan, in ya ishe su to, in bai ishe su ba Allah ya buɗa masa wata hanya.

Daga nan na shiga ɗaki na ɗauko na ƙasan adudu, na soke shi a ƙugu, na yafa mayafi. Marigayiya ta bar 'ya mace guda, tana aure a Paki. Ita mace ce, tana iya ji, kuma muryar uwarta ce, in ta ga dama ta saurara har zaren ya tsinke. Na fita bakin hanya na tsaya jiran mota. Wani mai keke ya ce mini kada in wahala, tun jiya babu mai a gidajen mai. Na gyara ɗamara na fara takawa.